Yadda Muka Rasa Cindo Mai Gyara

A da, in aka ce maka wane mai zane ne, yatsunsa za ka duba. Tawada ta kama bakin farce ba ta fita ko da sabulun salo, ga kanta a gefen yatsan tsakiya inda alƙalami yake kwanciya. Yanzu kuwa sai in ga mai zane da hannu fes kamar na ma'aikacin banki, yana shafa gilashi da ɗan tsinke, in ya yi kuskure ya taɓa wani wuri kuskuren ya ɓace. Ba ƙyashi nake yi ba. Na yi shekara ashirin ina kankare kuskure da reza, na san wahalar da aka ɗauke muku, ku masu zanen yanzu. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata magana da aka faɗa mini a zaurena, da kuma abin da muka je muka tarar bayanta.

Hauwa'u jikar wani abokina ce, tana karatu a jami'ar nan ta unguwar Kongo. Ita da ƙawayenta biyu suna zanen barkwanci suna sakawa a waya. Ta tsinci wani yagaggen shafin jarida a cikin kayan kakanta, ta ga Cindo Mai Gyara, aka ce mata ai ɗaya daga cikin masu yin sa yana nan Tudun Wada da ransa. Suka zo. Kafin a kawo musu ruwa har ta zana Cindo a na'urarta ta juyo mini da shi.

"Baba Iro, ka gani? Minti goma. Ai abin ba wuya."

Na ce, "Yatsunsa nawa a hannun hagu?"

Ta ƙirga. "Biyar mana."

"To ba shi ba ne. Wataƙila ƙanensa ne."

Ba su san cewa wanda aka haifa da yatsa shida ake kira Cindo ba. Daga nan na fahimci sai na faro musu daga tushe.

Ranar Juma'a jaridar take fitowa. 'Yar ƙarama ce ta mako-mako, shafi takwas, wani attajiri ya kafa ta, ba babbar da kowa ya sani ba. Mahaifina tela ne, bai yi boko ba, shi ne yake aikena in sayo in karanta masa farashin gyaɗa da auduga. Ni kuwa tun a hanya nake juya ta baya, don a ƙasan shafin ƙarshe Cindo yake. Zane huɗu ne a jere, mu a wurin aiki ɗakuna muke ce musu. Cindo dogo ne siriri, da ƙube a karkace da sifana a aljihu, kuma ba abin da ba ya karɓa gyara: keke, agogo, rediyo, keken ɗinki, har haƙorin maka. A ɗaki na uku kullum ya gama haɗa kayan mutane, sai ga ragowar ƙusa a tafinsa. Sai ya dube ta ya ce, "Wannan dama ba ta da aiki." A ɗaki na huɗu mai keke yana cikin lambatu. Maganar nan ta shiga gari. Mahaifina in ya ɗinka riga ƙyalle ya ragu, sai ya cusa a ƙarƙashin keke ya ce wa mai rigar, "Wannan dama ba ta da aiki," a yi dariya a rabu lafiya.

Ina ɗan shekara goma sha shida mahaifina ya ɗauki goro ya kai ni wurin mai yin Cindo. Malam Sambo sunansa. Na zaci zan ga dogo mai barkwanci, sai na ga gajeren mutum mai gilashi wanda ba ya dariya. Ɗan gidan malamai ne a cikin birni, 'yan'uwansa alƙalai da limamai, shi kaɗai ya ɗauki fensir ya fito Tudun Wada. Ya dubi zanen da na kawo don in burge shi, ya kifa shi, ya miƙo mini reza da fensira bakwai. Wata shida ban zana ko kunnen akuya ba. Fiƙe fensir, wanke bakin alƙalami, ja layin ɗakuna da rula. Bayan nan aka ba ni cika baƙi, wato tayar keke da inuwar bango. Sai da na shekara yana kallon yadda nake riƙe buroshi sannan ya ce in zana hannu. Hannu kawai, ɗari biyu: mai nuni, mai roƙo, mai ƙirga kuɗi, mai mari. Yakan ce, "Fuska kowa yana iya yi mata ƙarya. Hannu ne ba ya yarda."

Kayan aikinmu duka za su shiga gwangwanin alewa, amma kowanne da halinsa. Bakin alƙalami na ƙarfe ne, sabo ba ya riƙe tawada sai ka ratsa shi ta wutar ashana. Tawadar kwalba da bazara kauri take yi, sai a ɗiga mata ruwa ɗigo biyu, in ka yi uku ta koma toka-toka injin ya ƙi ganinta. Farin kwali mai santsi daga waje yake zuwa, da damina ya sha raɓa, ka ja layi ya baje kamar jijiyar ganye. Sai mu ɗora masa dutsen guga mai ɗumi kafin a fara. Buroshi in ya tsufa Malam da kansa yake yin wani da gashin wutsiyar kurege. Zanen kuma ninki biyu na girman da zai fito muke yin sa. Ranar Laraba kafin azahar in ɗaure shi a bayan keke in kai maɗaba'a, a ɗauki hotonsa a kan farantin tutiya, a zuba asid ya cinye inda ba tawada. Layin da ya cika siriri asid ya tafi da shi, wanda ya cika kauri ya toshe idon mutum. Ba wanda zai gaya maka iyakar. Hannunka ne zai koya, bayan ya sha kunya.

Kunyata ta farko a kan hannun Cindo ne, shi ya sa ban tsananta wa Hauwa'u ba. Malam ya kwanta zazzaɓi, ya yi fensir sama-sama ya ce in bi da tawada. Na bi, na kai maɗaba'a ina taƙama. Ranar Litinin wasiƙu suka fara zuwa, daga Funtua, daga Gusau, har wani ma'aikacin jirgin ƙasa daga Kafanchan ya rubuto layi ɗaya tak: "Wa ya yi wa Cindo kaciyar yatsa?" Biyar na zana. Na jira mari. Malam ya karanta wasiƙun ya ce in miƙo kwali. Juma'ar da ta biyo, masu karatu suka ga Cindo ya ce hannunsa na ciwo zai gyara da kansa, ya kwance ya haɗa, yatsa ɗaya ya ragu, ya faɗi maganarsa ta kullum. Mako na gaba sifana ta ƙi riƙuwa, ya bi bola yana neman yatsan. Mutane suka ce ba a taɓa yin mai daɗinsa ba. Malam ya ce mini, "Kuskuren da ya fita gari ya zama na gari. Ba a goge shi, sai dai a yi masa gida."

Cindo kaɗai ba ya ciyar da gida biyu. Muna rubuta allon shago, muna zanen littattafan firamare, muna yi wa manyan motoci ado. Wani mai mota ya ce zaki yake so a bayan motarsa, da muka gama ya ce wannan ai muzuru ne ya ƙoshi. Malam ya tambaye shi inda ya taɓa ganin zaki, ya ce a bayan wata motar. Amma wanda ba na mantawa shi ne wani mai facin keke a Kwangila, shi ma Cindo, shi ma da shiddaniyarsa. Ya zo da sifana a hannu, jijiyar wuya a tashe, wai mun kashe masa kasuwa, duk wanda ya kawo keke sai ya tsaya yana ƙirga ƙusoshi. Malam ya sa aka ba shi fura, ya ce in rubuta masa allo kyauta: CINDO MAI FACI, BA NI NE NA JARIDA BA. Cikin wata guda har daga Sabon Gari ake turo keke don a ga allon.

Yanzu ku saurara, don ga inda maganar take. Rubutun da ke cikin ƙoƙo, wato zagayen da maganar mutum take fitowa daga bakinsa, shi ne aikin da na fi ƙwarewa a kai, kuma akwai doka guda da Malam ya kafa tun kafin in zo: sunan Allah ba ya shiga ƙoƙo. Dalilinsa a fili yake. Jaridar Juma'a ranar Lahadi ƙunshin ƙosai ce, ranar Talata tana cikin kwata. Ku gwada sa Bahaushe ya yi magana uku a jere bai ambaci Allah ba, ku ga in da sauƙi. Cindo ba ya sallama, sai dai ya ce "Gafaranku dai masu gida." Ba ya cewa in Allah ya yarda, sai "in da rai." Mai tafiya ya ce masa "a sauka lafiya." In an matsa shi da rantsuwa, sai ya ɗaga sifana ya ce, "Na rantse da wannan." Nakan yi rabin yini a kan jumla ɗaya ina juya ta. Shekara da shekaru ba mai karatu ɗaya da ya lura, kuma Malam ya ce wannan shi ne shaidar an iya.

Sai muguwar shekara ta zo. Takarda ta yi wuya a ƙasa, jaridar ta koma shafi huɗu, kwali sai an je Legas, har muna zane gaba da baya. A tsakiyar wannan ne wani mai wa'azi ya ɗaga jaridar a gaban jama'a ya ce a duba, ga mutum shekara ashirin yana yawo a gidajen Musulmi bai taɓa yin sallama ba, kuma yana rantsuwa da ƙarfe. Aka ɗauki wa'azin a kaset, aka yi ta sa shi a shaguna. A maganar rantsuwa yana da gaskiya, Malam ma bai musa ba. Dillalai suka fara dawo da jarida a ɗaure. Edita ya kira mu ya ce abu biyu ne: ko Cindo ya gyara harshensa, a kuma ƙara ajami a ƙasan kowane ɗaki don mutanen zaure su karanta da idonsu su ga ba kafirci a ciki, ko kuwa a sa tallar maganin basir a gurbinsa. Malam ya ce a sa tallar. Juma'a uku tallar tana fitowa.

Ni na lallashe shi, ba zan ɗora wa kowa ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, kuma na yi allo sosai, hannuna a ajami yana da kyau, ina so a gani. Na ce, "Malam, kowace jarida a ƙasar nan tana buga sunan Allah. Mu ne za mu fi kowa tsoron Allah?"

Ya ce, "Iro, takarda ba ta da ƙafa, amma ba inda ba ta zuwa."

Na ce, "To mu mutu da yunwa saboda ƙosai?"

Ya daɗe yana goge gilashinsa. Ya ce ya yarda, amma abin da injin ya buga alhakin masu injin ne, na hannunmu kuwa ba zai kwana a maɗaba'a ba ko sau ɗaya. Daga ranar in an ɗauki hoto sai in tsaya in karɓo kwalin, ya sa a adaka a ɗakinsa, kusa da adakoki biyu na tsofaffin. Cindo ya dawo da sallamarsa da bisimillarsa. Kasuwa ta dawo har ta fi da, tsofaffi a zaure suna bin ajamin da yatsa suna ƙyaƙyatawa. Kuma gaskiya a shekarun nan goma na ƙarshe ne hannun Malam ya kai inda ya kai. Da layi uku zai nuna maka mutum ya ji kunya daga bayansa.

Da attajirin ya rasu jaridar ta bi shi. Farantan tutiya masu ƙera tukwane suka saye suka narkar. Ɗaurarrun kofe da ke sito ruwan sama ya same su shekarar da rufin ya yaye. Idon Malam ya yi rauni, ni kuma na bi aikin maɗaba'a duk inda ya kai ni. Na yi Yamai shekara shida, a can na koyi Faransanci. Na yi Kumasi, inda mai zanen mota yake sa sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe kamar shi ya ƙera motar. Malam bai taɓa sa sunansa a Cindo ba. A Alƙahira na ga mai zanen barkwanci ya shigo gidan gahawa mutane sun miƙe tsaye kamar alƙali ya shigo. Daga Jidda, inda na fi daɗewa, aka tura mu Beljiyam koyon wani sabon inji, wani abokin aiki ya ja ni wani gida hawa uku da ba komai a cikinsa sai asalin zanen barkwanci. Kwali irin namu sak, da tabon farin fenti inda aka yi gyara, da shatin fensir da ba a goge ba, an sa a gilashi, an rage hasken ɗakin don kada ya koɗe. Wata mata ta ɗauko guda da farar safar hannu kamar mai ɗaukar jariri. Na tsaya na duba layinsu da idon ɗan sana'a. Wasu sun fi Malam, da yawa ba su kai shi ba. Na ce a raina, muna da adaka uku a Tudun Wada.

Ina Jidda Malam ya rasu. Da na dawo gida gaba ɗaya na je gaisuwa wurin babban ɗansa, Malam Habibu, wanda na goya a bayan kekena yana yaro, yanzu malamin Larabci ne da ya yi ritaya. Ya buɗe mini ɗakin mahaifinsa, na ga adakokin a jere a kan duwatsu. Ban buɗe ba. Na ce zan dawo mu san abin yi. Shekara huɗu ke nan. Tsakanin gidana da gidan ba ta kai tafiyar minti goma a keke ba.

Duk wannan na ba su Hauwa'u labari a zama biyu. Suka ce suna da na'urar da za ta ɗauki hoton kowane kwali tsaf, a haɗa littafi, a sa sunan Malam Sambo a bango karo na farko. Ranar Asabar da hantsi muka tari mai keke mai ƙafa uku, mu huɗu da na'urar a kan cinya.

Malam Habibu ya tarbe mu da murna, ya sa aka shimfiɗa darduma a zaure. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo mu.

Ya ce, "Ayya, Yaya Iro. Ai da ka zo bara. Amma ka kwantar da hankalinka, an yi musu abin da ya dace."

Na ce, "Wane abu?"

"Daminar bara ɗakin ya yi yoyo, gara ta shiga ta ƙasan adakokin. Da muka fito da su shanya, kafin in ankara iska ta kwashi wasu, na ga akuya tana tauna ɗaya. Na ƙwace, na duba, sai ga bisimilla a bakin akuya. Na ce ina, ba a gidan nan ba."

Ya ba mu labarin da natsuwa, kamar mai faɗin yadda ya kammala wani aikin lada. Ya yi alwala, ya sa gilashi, ya zauna kwana uku yana bin kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Duk mai ajami, duk mai sunan Allah, ya ware gefe. Ya sa aka haƙa rami mai tsabta a bayan gida, ya ƙona su da hannunsa, bai bar yaro ko ɗaya ya taɓa ba, ya tsaya har suka zama toka, ya rufe, ya ɗora dutse don kada a taka.

Na ji bakina yana cewa, "Duka?"

"Ko ɗaya ban bari ya wulaƙanta ba. Af, ajamin nan hannunka ne ko? Na yi ta yabawa ina sakawa. Yanzu ba a samun mai irin wannan rubutun."

Hauwa'u ta ce, "Malam, amma ai Cindo ne fa. Barkwanci ne."

Ya ce, "'Yata, sunan ba ya canzawa don mai barkwanci ne ya faɗe shi." Ya juyo gare ni. "Yaya Iro, kai ma ka yi allo. Ka ga gara tana ci, akuya tana ci, mai shi ya rasu, wanda ya ce zai dawo bai dawo ba. Da kai ne, yaya za ka yi?"

Abin da ya yi shi ne abin da aka koya mana duka tun muna yara. Tsohon allo, yagaggen shafi, laya da ta kwance, ba a jefar da su, wuta ko rijiya. Ban taɓa kawo wa raina cewa hukuncin zai hau kan Cindo ba, alhali ni na rubuta abin da ya jawo masa shi.

Can na tuna da sauran. Na ce, "To adaka biyu na farko fa? Waɗannan ai ba sunan Allah a cikinsu ko ɗaya. Na sani, don ni da mahaifinka muka sha wahalar hakan."

Ya ce, "Wallahi na yi mamaki. Shekara ashirin mutum bai ce Allah ba. To su tunda ba komai a ciki, ban ga dalilin ƙona su ba. Na ce duk mai so ya ɗiba. Mata sun hura wuta da wasu, mai tsiren bakin titi ya ɗauki na fifita. Mafi yawa dai Ɗanladi baduku ya kwashe."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Takalmina ma sai da ɗaya daga cikin yaran ta biyo ni da shi ƙofar gida.

Rumfar Ɗanladi tana kan hanyar Kwangila, yana ɗinka takalman fata irin na sallah. Tun daga nesa na hango su a rataye a ƙusa, an huda an zura igiya: kwalaye da aka yanka siffar tafin ƙafa, daga na yaro har na ƙato, ya rubuta lamba a kan kowanne. Da su yake auna fata. Na ciro guda. Rabin fuskar Cindo ce a diddige, ƙoƙon maganarsa ya yanke a wajen babban yatsa. Na gane zanen. Na makon da ya gyara keken ɗinki ya koma ɗinki da baya ne, wanda na karanta wa mahaifina ina ɗan shekara tara.

Ɗanladi ya ce, "Baba, kwalin nan ya fi na kanti. Ba ya lanƙwashewa, ruwa ba ya saurin cin sa. In da saura a gidanku a kawo mini."

Na ce, "Sauran da ka kwaso fa?"

"Ai shi nake shimfiɗawa a tsakanin fata da soso. Sallar bara da ta bana duk da shi na yi. Ba wanda ya dawo da ƙorafi." Ya dubi ƙafata. "Kai ma naka ya kusa, a auna ka?"

Wato duk wanda ya sayi takalmi a rumfar nan cikin shekara guda, a kan aikin Malam Sambo yake tafiya masallaci da kasuwa. Hauwa'u ce ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin bencinsa, ta jawo abin da ya rage. Kwali goma sha ɗaya ne cikakku, biyu da tabon gam. Ɗanladi ya ce in dai za a kawo masa wani kwalin mai kauri a madadi, mu ɗauka har da na ƙusar. Ta je kanti ta samo masa.

A zaurena suka ɗauki hoton goma sha ɗayan. Hauwa'u ta faɗaɗa ɗaya a gilashinta har layi guda ya cika fuskar na'urar, ta ga yadda ya faro siriri, ya yi ciki, ya ƙare kamar gashi, da jan numfashi ɗaya. Ta gwada da tsinkenta ta goge, ta gwada ta goge, har aka kira la'asar. Ta ce, "Baba, ya ake yin wannan?" Na ce da buroshin kurege da shekara da shekaru, kuma wannan ma na farkonsa ne, ba ta ga na ƙarshe ba. Ba kuwa za ta gani ba. Ina iya faɗa mata cewa da layi uku yake nuna kunya daga bayan mutum, amma ba ni da abin da zan ɗora mata a hannu.

Ban riƙe Malam Habibu a zuciya ba, shi ya girmama abin da ya san girmansa. Ɗanladi kuwa kyauta aka ba shi. A ƙasashen da na zaga na ga inda ake ajiye takarda don wanda ya zana ta. Mu nan muna ajiye ta ne ko mu ƙona ta don sunan da ke jikinta, in babu sunan kuwa kwali ce. Na san haka sarai, na kuma san hanyar gidan, na zauna shekara huɗu.

Cindo Mai Gyara ya yi shekara talatin da ɗoriya yana fitowa kowace Juma'a. Abin da ya rage na hannun Malam Sambo shi ne kwali goma sha ɗaya da tafin ƙafa bakwai. Littafin da yaran suka so yi ba zai yiwu ba. Daga yanzu duk wanda zai san Cindo daga bakin waɗanda suka karanta shi zai san shi, mu kuwa ba mu da yawa, kuma ba ƙaruwa muke yi ba.